Kunyar Ɗan Fari da Kunnen Auwalu

Har yau ban manta da ranar nan ba, ranar da Malam Garba mai walda ya shigo ofishin shugabar makarantarmu, ya ajiye na'urar jin ɗansa a kan tebur, ya ce ya zo cire yaron daga makaranta. Wata Talata ce a zango na biyu, ana shirin tashi tara. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata amfanin komawa karatu bayan mutum ya riga ya samu aiki. To bari in ba ku labarin, ku yanke hukunci da kanku.

A lokacin ina matakin albashi na tara, ina koyarwa a sashen yara masu lalurar ji na wata firamaren gwamnati a Doka. Ina kuma tsakiyar karatun difloma ta bayan digiri a fannin ji, wanda a jami'a ake kira odiyoloji. Ga wanda bai sani ba, mu ba likitoci ba ne, ba ma rubuta magani. Ana koya mana yadda ake auna jin yaro, yadda ake karanta takardar awon, yadda ake duba na'urar da ke kunnensa, da yadda za a tsara aji don abin da ya rage masa na ji ya amfane shi. Shugabarmu Hajiya Binta ce ta sa mini hannu a takardar izini, abokan aiki kuma suka raba darussana na ranakun da nake jami'a. Sun sha tsokanata, wai furfura ta fara fitowa ina yawo da jakar ɗalibai. Ni kuma in ce musu gemu ba ya hana ilimi.

Tsarin karatun shi ne, bayan an gama laccoci, kowane ɗalibi ya ɗauki yaro ɗaya ya bi shi sau da ƙafa, ya rubuta rahoto a ƙarƙashin malamin da ke duba aikinsa. Ni Auwalu na ɗauka, ɗan aji shida. Sanƙarau ne ya taɓa masa ji yana ƙarami, bayan bakinsa ya riga ya buɗe. Jin ya ragu ƙwarai, amma bai mutu ba. Da na'ura a kunne, a benci na gaba, yana bin darasi fiye da wasu masu kunne biyu lafiyayyu.

Shi ya sa da Hajiya ta aika aka kira ni, na ji abin da mahaifinsa ke faɗa, raina ya ɓaci.

"Hajiya, ko dai abin nan ba ya aiki, ko kuwa yaron nan ya raina ni," in ji Malam Garba. "In kakarsa ta yi magana, yana amsawa har da dariya. Ni in na yi, sai ka ce da bango nake. In makaranta ce ke koya masa zaɓen wanda zai ji, to ya isa haka. Ranar Asabar zai fara bina shago."

Sana'a ba abin raini ba ce, ni ma jikan maƙeri ne. Amma shagon walda, da ƙarar guduma da injin yankan ƙarfe da janareta, shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a kai wannan yaro. Ɗan jin da ya rage masa can zai ƙarasa. Ga jarrabawar shiga sakandare ta gabato. Na buɗe baki zan yi magana, Hajiya ta harare ni, don ta san bakina ba shi da linzami in na hasala. Ita ce ta lallashe shi har ya yarda ya ba mu mako guda, ya kuma bar mana na'urar.

Na yi abin da aka koya mini. Na sa bututun sauraro na ji muryar na'urar da kunnena, tana fita tas. Batir da ransa. Robar da ke shiga kunne ta zauna daidai. Na kai yaron ɗakin awo na jami'a, wani ƙaramin ɗaki da aka toshe bangonsa don kada ƙarar waje ta shiga, muka sake auna shi. Jin bai ragu daga inda yake ba, na mayar masa da na'urarsa a kunne. Sai na ɗauki takarduna na nufi ofishin Dakta Rabi, malamar da ke duba aikina. 'Yar gajeruwa ce mai sanyin murya, amma ɗalibai har a mafarki tsoronta suke ji.

"Ranki ya daɗe, na'ura lafiya, kunne yana nan yadda yake. Matsalar dai jahilcin uban ne."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Ka je gidan?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To da wane ma'auni ka auna jahilcin? Ɗakin awo yana gaya maka abin da kunne zai iya ne kawai, Malam Haruna. Ba ya gaya maka yadda ake magana a gidan su yaro. Mutumin ya ce ɗansa na jin kakarsa, ba ya jin sa. Ai ya ba ka rabin amsar. Ka je ka zauna, ka kama bakinka, ka duba inda mai magana yake kallo, da inda idon yaron yake."

Na fito ina ƙunƙuni, amma zuwa da kai ya fi aike. Ranar Alhamis bayan La'asar na sauka a unguwarsu, Abakpa. Kakar Auwalu, wadda kowa ke kira Iya, ta ce malamin jikanta ba zai tsaya a ƙofar gida ba, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Muna cikin gaisawa ta janyo yaron gabanta, ta riƙe masa kumatu. "Angona, yau ma babu cefane? Ni fa zan sake miji." Ya dube ta ya yi dariya, ya ce ai tuwonta ne ba ya daɗi.

Ana haka sai ga Malam Garba ya shigo. Nan take Auwalu ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ƙasa, kamar yadda ake so ɗa mai tarbiyya ya yi. Uban kuwa ya juyar da fuskarsa wajen katanga, ya ce, "A ce wa yaron nan ya kawo wa baƙo ruwa." Yaro bai motsa ba. Ya sake faɗa, shiru. Sai ya juyo gare ni, fuskarsa cike da takaici. "Ka gani ko, Malam?"

Na gani kuwa. Sunan yaron kansa ya isa ya tuna mini: Auwalu ɗan fari ne. A gidaje da yawa har yanzu iyaye na kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa zama su dube shi, magana ma sai dai a jefa ta gefe ya tsinta. Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, don haka na san ba ƙiyayya ba ce. Amma ni kunnuwana lafiya suke, na iya tsintar maganar da aka jefa gefe. Auwalu ba zai iya ba.

Na roƙi Iya ta ara mini faifai. A jami'a da wani ƙyalle da aka ɗaura a zobe muke wannan gwajin, amma faifai ma ya wadatar. Na zaunar da yaron a gabana, na kare bakina da faifan, na riƙa faɗin kalmomi ina cewa ya maimaita. Kaɗan ya kama, sauran yana lalube. Na sauke faifan, ban ƙara murya ba, na sake faɗin wasu. Kusan duka ya maimaita.

Na ce, "Malam Garba, na'urar nan ƙara sauti take, amma ba ta dawo da duka. Siraran sautuka suna ɓace masa, sai ya cike gurbinsu da kallon leɓe. Rabin jinsa a idonsa yake. Kai kana kau da kai don kunya, shi yana sunkuyawa don ladabi. Ba raini ba ne. Ladabin da ka koya masa ne yake hana shi jin ka."

Ya saci kallon Iya. Can ya ce, a hankali, "Yanzu ni zan tsaya ina kallon ɗan fari ido cikin ido? A gaban mahaifiyata?"

Amsar wannan babu ita a littattafanmu. Iya ce ta amsa.

"Garba, kunyar nan ai don ni kake yin ta. To na gani, na gode, na kuma yafe. Dubi ɗanka."

Ƙaton mutum, mai hannu kamar faranti, ya tsugunna a gaban ɗansa yana ta gyaran hula. Yaron ya ƙi ɗagowa, sai da Iya ta sa yatsa ta ɗaga masa haɓa. Uban ya ce, "Kana son makarantar nan?"

"Ina so, Baba."

Amsar ta fito ba jinkiri. Malam Garba ya yi ɗan murmushin da bai shirya ba, yaron kuwa ya ƙura wa bakinsa ido, sai ya ce, "Baba, ashe kai ma kana da wushirya irin tawa."

Malam Garba ya miƙe, ya ɗauki buta ya nufi bayan gida, alhali da sauran lokaci kafin Magariba. Ni ma na tsinci kaina ina ta kallon saƙar faifai.

Ranar Litinin Auwalu ya zo makaranta da na'urarsa a kunne, da lokaci ya yi kuma ya zauna jarrabawar shiga sakandaren tare da 'yan ajinsu. Da na kai rahoto, Dakta Rabi ta karanta ta ce in ƙara shafi guda a kan yadda za a yi wa iyaye wannan bayanin ba tare da an ci musu fuska ba. A wurinta wannan yabo ne, kuma na karɓe shi hannu biyu.

Ina godiya ga Allah da Ya sa na je karatun nan, don da ban je ba, da sai in tsaya ina musu da uban har ya tafi da ɗansa. Ina godiya ga Hajiya Binta da ta sake ni, da abokan aikin da suka ɗauki nauyin ajina, da Dakta da ta ƙi karɓar fushina a matsayin bincike. Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba kunne kaɗai muke aunawa ba. Iyayen da ke zuwa mana a fusace, yawancinsu ba ƙin 'ya'yansu suke ba, sun gaji ne da kiran da ba a amsawa. Ku saurari ƙorafinsu kamar yadda kuke sauraron na'ura, ku kuma taka ku je gidan.

Kwanakin baya na kai ƙofar ƙarfe gyara shagon Malam Garba. Na tambaye shi yaya ɗalibin nawa. Ya kashe injin, ya ɗage baƙin gilashin fuskarsa.

"Yana sakandare, Malam, alhamdu lillahi. Sunan dai har yanzu bakina ya ƙi faɗa. Amma kullum da safe sai na zaunar da shi na dube shi."