Muryata a Ajin Wancan

Ni dai ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka munka tashi munka tarar a Aliero: ɗan fari ba a kiransa, ba a kallonsa ido da ido, ba a zama hira da shi. Tun da anka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Danwarai, can ya girma. In zancensa ya kama, sai in ce "wancan".

To, wancan ya zama malamin firamare. Jihar Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba anka fara kiran malamai kwas lokacin hutu. Anka yi ta yi shekara da shekaru, har kwamfuta ta iso. A kwas ɗinsu na ƙarshe anka ce kowa ya shiga intanet ya ga yadda malaman wasu ƙasashe ke koyarwa, sannan ya shirya nasa darasin, a ɗauke shi a bidiyo ya kai. Wanda bai ci ba, a sallame shi. Mahaifinsa kuwa dama jira yake, gonar albasa na neman hannu. Ni so nake ya zauna a aji, amma bakina bai isa ya faɗa ba.

Autata, wadda ke aure a Maiyama, ita ta zo da saƙon. Ita babu kunya tsakaninmu, har kan cinyata take kwanciya da goyonta.

"Inna, Yaya ya je shagon intanet a Jega. Ya ga wata malama ta kunna wa yara muryar tsohuwa tana tatsuniya, yaran duk sun yi tsit. Shi ma haka yake so."

Na ce, "To wancan ya nemi tsohuwa mana."

"Wane wancan, Inna? Icce ko jaki?"

"Zan fasa miki baki."

"Muryarki yake so. Kin ga tsohuwa a gida, sai a je aro?"

Na ce ba zan zauna gabansa ina kwaikwayon kukan kura ba, ko sama za ta faɗo. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce ai ba sai na gan shi ba.

Bayan magariba na tara jikoki a gindin rumfar albasa. Shi kuma ya zauna bayan zana da rikodarsa, ya zuro ɗan abin maganar ta wata kafa, kamar kan ƙadangare. Na yi kamar ban gani ba. Na ɗauko labarin kurar da ta shiga rumbun albasa tana zaton nama ne, ta ci, ta ci, hawaye na zuba, tana cewa tausayin mai rumbun take ji. Da na kai inda kura ke atishawa, sai na ji dariya ta ɓarke a bayan zana. Dariyar ƙato mai gemu.

Na tsaya. A nan na tuna bai taɓa jin tatsuniyata ba. Ƙannensa duk sun ji har sun gaji, shi yana Danwarai.

Auta ta raɗa mini, "Inna, kaset na tafiya."

Na ce, "A gaya wa zana ta yi shiru."

Zana ta yi shiru. Na ƙarasa, har na ƙara wa kura wata atishawar da babu ita a labarin.

Anka ɗauko mai bidiyon biki daga Jega ya ɗauki darasin, anka kai. Munka zauna jira. Mahaifinsa har ya sa an gyara masa fartanya.

Wata ranar kasuwar Jega auta ta ja ni wai mu sayi atamfa, sai ga mu a shagon nan na intanet. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta, mai shagon ya saka faifai. Sai ga wancan tsaye gabana, fuska da fuska! Na ja gyale na rufe ido.

Mai shagon ya ce, "Inna, ai ba shi ganinki."

"Ka tabbata, ɗan nan?"

"Wallahi ko harara kika yi mai, bai sani ba."

Na sauke gyalen a hankali. A cikin bidiyon wancan ya kunna rikoda, muryata ta cika ajin, yara sun buɗe baki. Kura ta yi atishawa, ajin ya kece da dariya, shi kuma ya juya ga allo yana rubuta musu kalmomin, suna bi. Na kalle shi son raina. Ashe kunnuwan mahaifina gare shi, har yadda yake sosa ƙeya in zai yi tambaya.

Auta ta ce, "Ya ci, Inna. Jiya sakamako ya fito. Shi ya ce a kawo ki."

Na ce mai shago ya maido shi daga farko.

Da munka koma gida wancan yana zaune a zaure. Na wuce kaina a ƙasa, na ce da auta, yadda zai ji, "A gaya wa wancan, in zai sake shiga akwatin nan, ya gyara hularsa. Ta karkace."