Babin da Malam Ilu Ya Yanke da Reza

Duk wanda ya zauna a ajin Malam Ilu ya san ba a kai masa labari a tafi salin-alin. Ka ce masa, "Malam, wane ya ce kaza," sai ya zare tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Wa ke tsaye a wurin lokacin da ya faɗa?" Ko a gida haka yake. A gabana Hajiya, maiɗakinsa, ta ce masa baƙin jiya sun yaba miyarta. Ya ce, "Kina tsaye a kansu da ludayi a hannu, me kike so su ce?" Hajiya ta ce to daga yau sai ya riƙa raba musu takardar tambayoyi bayan ta fita. Ya ce ai kuwa da an fi jin gaskiya. Ranar dai ban ga an ƙara masa miya ba.

Ni na faɗa hannunsa ne a farkon shekarun tamanin, lokacin da ma'aikatarmu ta ba ni hutun ƙaro ilimi in yi digiri na biyu a nazarin zamantakewar al'umma. Na zaɓi yin bincike a kan rayuwar leburorin masana'antu, aka ce shi zai duba aikina. Bai taɓa kirana Lawan ba, sai Akawu, wai ina tafe ina warin fayil. Kuma bari in gaya muku tun yanzu, ba don shi ba, da na raba wani bawan Allah da abincinsa, ina ta murna ina ganin taimakonsa nake yi.

Tashin farko na buga takardun tambayoyi tuli guda, na kai wata masaƙa a Sharada. Foman ɗin wurin mutumin kirki, har lemo ya saya mini. Ya ce kada in wahalar da kaina, in bar masa takardun, zai raba wa ma'aikata. Kwana uku na koma na tarar an cike su tsaf, an ɗaure da roba. Na ɗauko ina ta yashe baki, na dire wa Malam a tebur.

Ya buɗe ta farko, ta biyu, ta goma. Ya ce, "Akawu, kowa ya gamsu da aikinsa?"

Na ce, "Kowa da kowa, Malam."

"Ba mai ciwon ƙirji, ba mai ciwon baya?"

"Ko ɗaya."

Ya ce, "Ikon Allah! Muna ta wahalar neman aljanna, ashe tana nan Sharada, ko kuɗin mota ba mai yawa ba." Sannan ya turo mini su. "Kuma ka lura dukkansu hannunsu ɗaya? Biro ɗin ma kore ɗaya ne."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu zan kwashe takarduna in je in ƙona, ya dafe su. "A'a, ina za ka kai su? Ai bayansu fari ne tas." Har Malam ya yi ritaya bai gama da takardun nan ba. Wasunku tsofaffin ɗalibansa da ke dariya yanzu, na san a bayan abin kunyata kuka karɓi gyaran aikinku, kada ma wanda ya musa.

Washegari ya ce in same shi a ƙofar ofis da hantsi. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in cire agogo, in cire biro uku da na jera a aljihu, in ajiye jakata. Na ce, "Malam, to da me zan yi rubutu?" Ya ce, "Da kunne." Ya goya ni a tsohon baburinsa, wanda sai an tura shi yake tashi, kuma kun san wanda ke turawa. Muka nufi Challawa, bakin wani kamfanin jimar fata. Tun daga nesa warin ya tare mu. Na kai hannu zan toshe hanci, ya buge hannun. "Su a ciki suke yini. Ka toshe hanci, sun toshe baki."

Akwai wata mai wake da shinkafa a gindin dalbejiya, inda ma'aikata ke taruwa idan jiniyar cin abinci ta yi kuka. Malam ya sa mini doka: in zauna, in ci, in gaisa, kada in tambayi kowa komai har sati biyu. Na ce, "Haba Malam, sati biyu? Hutuna fa yana tafiya!" Ya ce, "Ci wakenka." Shi kuwa kwano ɗaya yake saya mana, ya ja layi da cokali a tsakiya, kuma kullum layin ya fi karkata wajena.

Ana cikin sati na uku wani dattijo ya matso kusa da ni a benci. Sunansa Malam Hamidu, mutumin Damagaram, yana aiki a sashen da ake jiƙa fatu cikin ruwan magani don gashi ya zube. Ya ce, "Ɗana, na ga kai ba ka rubutu, shi ya sa zan nuna maka." Ya buɗe tafukan hannunsa. Subhanallahi! Duk sun tsattsage, farcen sun cinye. Ya ce akwai safar hannu a kamfanin, sababbi fil a cikin sito. Ranar da masu duba lafiyar ma'aikata za su zo ake raba musu da safe, baƙin suna fita a bi layi a karɓe. Daga ranar Malam Hamidu ya zama malamina na biyu. Abin da ya gaya mini a wata uku, ko shekara goma zan yi ina raba takardu ba zan same shi ba.

Na zauna na rubuta babi na huɗu, raina a ɓace, alƙalamina yana wuta. Na san ƙa'ida, ba a sa sunan wanda ya ba ka bayani. Don haka na mai da Hamidu ya koma Hamisu. Mai tafireta ya buga, aka ɗinke kundi da baƙar bango, saura kwana huɗu a rufe karɓa. Na kai wa Malam ya sa hannu.

Ya karanta a bayyane, a hankali, kamar mai karatun wasiƙa ga makaho. "Malam Hamisu, dattijo ɗan Damagaram, mai wushirya, wanda ya shekara tara a sashen jiƙa fatu, yana zuwa aiki a jan keke daga Panshekara." Ya ɗago. "Akawu, 'yan Damagaram nawa ne masu wushirya da jan keke a sashen nan?"

Bai jira amsata ba.

"Ka sauya masa suna ka bar masa fuska. Me ya hana ka manna hotonsa, ka huta? Wa ka yi wa alkawarin kwafin kundin nan a takardarka ta neman izinin bincike?"

Na ce, "Kamfanin."

Ku da kuka san zamanin kun san korar lebura ba ta buƙatar takarda. Da safe za ka zo, maigadi ya ce ba sunanka, shi ke nan. Malam ya jawo durowa, ya ɗauko rezar da yake fiƙe fensir da ita, wadda na tabbata ta girmi wasu ɗalibansa. A gabana ya bi babi na huɗu shafi-shafi yana yankewa. Na ce, "Malam, ku yi wa Allah! Hutuna ya ƙare, in ban miƙa yanzu ba sai baɗi!" Ya ce, "Kai baɗi za ka samu digiri. Shi in aka kore shi, baɗi me zai samu? 'Ya'yansa bakwai." Ya ninke shafukan ya zuba a aljihun babbar riga. Waɗannan kam ko bayansu bai yi rubutu a kai ba.

Na yi fushi da mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Na koma ofis ba digiri, abokan aiki suna ce mini Dakta don tsokana. Wata biyu in na hango baburinsa sai in sauya hanya. Amma na sake rubuta babin, Asabar da Lahadi, ba gari, ba keke, ba wushirya, sai hannuwan da safar da ke kulle a sito. Malam da kansa ya ɗauki babin ya kai wa shugabannin ƙungiyar ma'aikata, ya zauna ya fassara musu da Hausa.

Da kundin ya fito na kai wa kamfanin kwafinsu. Ba a yi sati ba sai ga manajan ma'aikata a ofishin Malam, kundin a hammata, ya ja wa kowace magana jan layi, ga kuma jerin sunayen leburori a ɗaya hannun. Ina zaune a gefe.

Ya ce, "Dakta, muna so mu san waɗanda suka faɗi waɗannan maganganu. Don mu gyara musu ne."

Malam ya ce, "Ayya, na manta. Tsufa."

"Tsufa kuma? Shekarunka nawa?"

"Ka gani ko? Shi ma na manta."

Mutumin ya juyo kaina. Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Wannan? Akawu ne fa. Abin da aka ba shi yake kwafa, ko sunan unguwarsu sai ya duba fayil." A rayuwata ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba. Manaja ya tattara takardunsa ya fita ko sallama babu.

Malam Hamidu ya ci gaba da aikinsa har kamfanin ya rufe. Safar ma an sake ta daga baya, ba kullum ba, amma an saki. Bayan shekaru da yawa na haɗu da shi a wani ɗaurin aure a Panshekara, ya tsufa tukuf, ya aurar da 'ya'yansa duka. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, littafin nan ya fito kuwa? Ka sa sunana?" Na ce ban sa ba, Baba. Ya ɓata rai sosai. "Duk surutun da na yi maka? Kai, 'yan boko ba ku da alkawari!" Na ba shi haƙuri, na ce laifin malamina ne. Ya ce to Allah ya shirye shi.

Da na kai wa Malam wannan saƙo ya yi dariya har da hawaye, ya ce a rayuwarsa ba a taɓa ba shi lambar yabo irin wannan ba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan da lafiyarsa.

Har Malam Hamidu ya koma ga Allah bai san akwai ranar da abincin gidansa ya kwana a teburin wani mutum da bai ma san sunansa ba. Ni na sani, kuma na gode. Ya Allah, bawanka Ilu ya rufa wa talaka asiri a ranar da ba mai gani sai Kai da ni. Ka rufa masa nasa asirin, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Amin.