Ɗigon Jinin Ƙanwata

Aikina a ƙasar waje riƙe ƙwayar jini ne da haske. Akan tsuke hasken leza kamar tsinin allura, sai ya cafke ƙwaya ɗaya tak a cikin ruwa, ta tsaya cak. Daga nan in haska mata wani hasken da ido ba ya gani, infirared muke ce masa. Abin da ta shanye daga cikinsa shi ke gaya mini sinadaran da ke jikinta. Ni kaɗai nake wuni a ɗakin, labule a sauke, babu wanda zan ce wa ko sannu da Hausa.

Shekarar da na zo hutu ƙauyenmu kusa da Rufa'a, na tarar da ƙanwata kwance, ciwon sikila ya tashi. Tun daga yaye take fama da shi. Na daɗe ina duba jinin masu irin ciwonta, mutanen da lambarsu kawai na sani, nata kuwa ban taɓa gani ba. Har kwalba na taho da ita da ɗan akwatin ƙanƙara, wai ni mai shiri.

Inna tana soya kofi a rumfa na faɗa mata ina son in ɗebi jinin ƙanwata in tafi da shi in auna. Ba ta ko ɗago kai ba.

"In ka kai shi, ta warke?"

Da na iya ƙarya da na huta. Na ce a'a, zan dai gane abin da ke faruwa a ciki.

"Kallo ke nan. Ya waladi, ɗana, mu ko ƙaho anka yi, rami muka ginawa mu rufe jinin. Ba a kai na ɗiyata wata ƙasa a yi kallo nai a zubar. Halas, magana ta ƙare."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban uwata, abin da har yau nake jin kunyarsa. Daga ɗaki ƙanwata ta ce, "Yaya, bari, ka ji? Zo ka danna mani ƙafa." Na je na danna. Kwalbar ta koma wayam.

Ƙanwata ba ta kai hutuna na gaba ba. A waya aka gaya mini, an riga an dawo daga maƙabarta.

Ranar da na koma aiki na soki yatsana, na kama ƙwaya ɗaya na auna. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ce ko zan ga wani abu nata a ciki. Ƙwayar ta fito a zagaye, sumul, lafiya lau. Ban taɓa jin haushin lafiyata ba sai ranar.