Rabin mabuɗin Malam Nasiru

Malam Nasiru ya rasu. Da safiyar nan ina bakin titi ina jiran keke, sai ƙanwarsa ta kira ni daga Inugu ta faɗa min, na ce mata ta maimaita. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 

Ga wanda bai san shi ba, malamina ne a jami'a, daga baya ya jawo ni muka yi aiki tare. Ɗan unguwar Asata ne a Inugu, can aka haife shi, mahaifinsa a kasuwar Ogbete ya sayar da wake har ya tsufa.

In kana Anacha, wataƙila ka taɓa ganin wasu 'yan akwatuna masu ruwan toka a kan turakun ƙarfe a bakin kogi. Aikinsa ne. Suna auna tashin ruwa, wannan ya miƙa wa wancan saƙo ta iska, har ya iso wayoyin mutanenmu masu siton albasa da wake da masu awaki.

Amma inda ya fi zuba ƙarfinsa shi ne wata 'yar ƙwaya a cikin akwatin, cip ake ce mata, ba ta kai farce ba. Ita ke kulle kowane saƙo da mabuɗin sirri. Yakan ce in wani ya saci mabuɗin nan, zai iya aiko da ƙaryar ruwa na zuwa kowa ya gudu ya bar kayansa, ko ya toshe gaskiya ranar da ruwan ya zo da gaske. Kuma ɓarawon ba sai ya fasa cip ɗin ba, daga yadda take jan wuta kawai zai iya gano mabuɗin.

Ranar da ya fara nuna min haka na ce, "Malam, wannan ai tsafi ne."

Ya ce, "To a kan tsafin za ki rubuta jarrabawa."

Lokacin da mahaifiyata ta rantse ba 'yarta da za ta riƙa hawa tsani a bakin kogi, shi ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shi zai riƙa hawa, ni in tsaya a ƙasa in ba da umarni. Haka kuwa aka yi. Ina ƙasa ina ɗaga masa murya, yana sama yana cewa, "To, Oga."

Ba zan manta da maganar Alhaji Sule mai albasa ba. Malam ya ƙera akwatunan ne yadda da an buɗe murfin, mabuɗin zai goge kansa nan take. Alhaji Sule ya ga tururuwa na shiga wanda ke kusa da sitonsa, tausayi ya kama shi. Ya samo sukudireba ya kwance murfin, ya zuba kafur, ya mayar ya ɗaure tsaf. Akwati ya yi tsit.

Ni kam na iso da faɗa a bakina. Malam ya harare ni, ya juya ga dattijon a gaban jama'a ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Mun daɗe muna neman wanda zai gwada mana ko tsaron nan yana aiki."

Har gobe Alhaji Sule yana ba da labarin shi ya gwada wa injiniyoyi na'urarsu. Malam kuwa washegari ya dawo ya toshe kafar da tururuwan ke bi.

Akwai babban mabuɗi da ake sabunta na akwatunan da shi kafin kowace damina. Malam bai yarda ya zauna a hannun mutum ɗaya ba, ko da shi ne. Ya raba shi biyu, rabi a katinsa, rabi a nawa, kuma kowane kati ba ya buɗuwa sai da kalmomin da mai shi ya haddace. In rabi ɗaya ya salwanta, sai an sauko da akwatunan kaf an sake su daga farko, aikin watanni.

Watan jiya na je Asata duba shi a gidan Hajiyarsa. Na san ba shi da lafiya, ban san ta kai haka ba. Ya rame, agogo na yawo a hannunsa. Na tarar da Obinna, abokin aikinmu, zaune a gefen katifa da kwamfuta a cinya.

Ko gaisuwa ban ƙarasa ba ya ce, "Katinki na cikin jaka?"

Na ce, "Haba Malam, dubiya na zo. A bari ka ji sauƙi mana."

Obinna ya ce, "Oga, abeg rest small, ka ɗan huta, aikin nan ba gudu zai yi ba."

Hajiya ma ta leƙo ta ce, "Nasiru, ka bar baƙi su ci abinci."

Ya ce, "Yanzu za mu gama, Hajiya." Ya dube ni. "Maryam, hadari ya fara haɗuwa. Ciro katin."

Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauka taurin kan nan nasa ne da muka saba. Na ciro katin, aka haɗa shi da nasa a kwamfutar, amma Malam ya kasa buga kalmominsa daidai. Ya goge ya sake, ya goge ya sake. Obinna ya ce ya faɗa masa ya buga, ya girgiza kai. Bai bari ba sai da suka shiga. Ya mayar da rabinsa kan wani sabon kati ya ba Obinna, ya sa shi ya zaɓi nasa kalmomin, ni da Malam muka juya masa baya har ya gama.

Sannan ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya ce, "Yauwa. To yanzu gaishe ni."

Na ce na fasa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Muka ci tuwon Hajiya, shi ko loma biyu bai yi ba. Da zan tafi ya ce in gaida Mama, in kuma rage faɗa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

A satin nan kogi ya fara cikowa, masu sito sun fara duba wayoyinsu. Ni da Obinna mun sabunta mabuɗan, akwatunan duka suna aiko da saƙo. Da ya biye mana ranar nan ya huta, da yau bayan azahar za a binne rabin nan tare da shi, mutanen bakin kogi su shiga damina ba mai yi musu gargaɗi. Shi ya san abin da yake ji a jikinsa, mu muna ta cewa a bari ya warke.

Na yi rashin malami, na yi rashin yaya. Ina mota yanzu zuwa Inugu, kuma ban san da wane ido zan kalli Hajiya ba.

Ya Allah, bawanka Nasiru ya riƙe amanar mutanen da yawancinsu ba su ma san sunansa ba. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba Hajiya da matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, kada ya tsaya kan rubuta amin a ƙasa. Ya ajiye wayar, ya ɗaga hannu ya roƙa masa rahama. Mutanen Anacha, ku musamman nake roƙo.