Gurbin Hasumiya a Zauren Baba Lurwanu

Kowace safiya, idan Baba Lurwanu ya dawo daga Masallacin Harami, sai ya buɗe zaurensa a unguwar Jarwal ta Makka, ya ɗauki gashin kaza yana share ƙura daga kan wasu ƙananan gidaje na farar ƙasa. Akwai tashar jirgi, akwai kasuwa mai rufin bakan gizo, kowanne bai fi tulu girma ba.

A hanyarsa ta zuwa hajji ya yi shekaru a Asmara ta ƙasar Eritiriya, yana gyara irin waɗannan a wani ɗakin baje koli inda Italiyawa ke nuna fasahar gininsu. Da ya iso Makka ya sake ƙera su da ka, ya buɗe ƙofa kyauta. Can mu malaman makaranta muke kai ɗalibai su ga yadda rufi ke tsayawa ba ginshiƙi.

Bara aka fara raɗe-raɗin gumaka yake ajiyewa. Umda, wato mai unguwa, ya zo da mutane. Duk mun san abin da zai biyo baya: a sa shi a jirgin ruwa a Jidda a kore shi daga ƙasar, ga shi tsohon da ba shi da buri sai a binne shi a Makka.

Umda ya duba, bai ga fuska ko ɗaya ba. Sai ya tsaya gaban wata doguwar hasumiya, wadda ta fi duka kyau.

"Ya Hajji, wannan fa?"

Da Baba ya ce ta agogo ce, wa zai musa? Kai kuwa, Baba, sai ka ce, "Ta majami'a ce, ya Umda. Kyan ginin ne ya ruɗe ni."

Kai ne ka ɗauko guduma da hannunka, ka farfashe ta, sannan ka ce, "Sauran na yara ne. A bar musu."

Umda ya daɗe yana kallon ɓaraguzan, ya ce, "Tayyib," wato shi ke nan, ya fita.

Har yau idan aka buga ƙofa da ƙarfi, Baba yakan firgita. Amma bai fasa buɗe ta ba.

Allah ya saka maka, mai gaskiya ko da cikin tsoro. Ku je ku gaishe shi, ku koya. Za ku ga gurbin hasumiyar a kan kanta. Shi ma gurbin, Baba yana share shi kullum.