Ƙafar Balbela a Jikin Kwali

Duk wanda ya taɓa sayen busasshen kifi a Yelwa ya san Kulu mai banda, in ma bai san fuskarta ba ya san tarinta. Hayaƙi ya jajanta mata idanu tun tana budurwa, ya bar ta da tari irin na tsofaffi, alhali ba ta tsufa ba. Ba ta da yawan magana. Wasu na cewa girman kai ne, ba su san ƙirji ne ke ciwo ba.

Mijinta Jabiru masunci ne. Wata shekara ya fita kamu wajen Wara, iska ta taso, aka tsinci jirginsa a kife cikin ciyawa. Shi kam har yau ba a gan shi ba. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna wa 'ya'yansa biyu, sai jirgin. A goshin jirgin akwai alamar gidansu da jan fenti, zane uku da suka haɗu kamar ƙafar balbela. Ranar rabon gado Kulu ta roƙi a bar jirgin cikin rabonta da na yaran. Ta ba wani masunci mai suna Tamada, yana fita da shi, in ya dawo su raba kamu. Da wannan kason ake hura wutar banda, da shi ake ɗora tukunya. Kullum da hantsi tana bakin ruwa, tun daga nesa take gane jan zanen, kuma ba ta karɓar kifi sai ta dafa goshin jirgin tukuna.

Masu kifi a nan ba sa rubuta suna a kwali. Kowa da alamarsa, direbobin da ke kai kifi Kudu kuwa sun haddace su sarai, ko daga barci ka tashe su za su faɗa maka mai kaya. Kulu ta ɗauki alamar mijinta, kuma ba a taɓa ɓatar mata da kwali ba.

Sai waya ta shigo sana'ar. Kulu ba ta karatun boko, amma ta iya ɗaukar hoto, ta iya saƙon murya. Hoton tarwaɗarta ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wata Hajiya Lubabatu a Kaduna, wadda za ta aurar da ɗiya. Ba su taɓa ganin juna ba. Hajiya ta ce manyan kwalaye biyu take so, giwan ruwa da tarwaɗa, ta turo kuɗin gaba ɗaya. Kulu ba ta taɓa samun ciniki irin wannan ba. Kasonta na jirgi bai isa ba, ta sayi kifi a hannun wasu masunta, ta sayi itace, kuɗin duk suka shige wuta.

A wurin ɗauri ta yi kuskure. Ta zana ƙafar balbela ƙatuwa a kowane kwali, ta ja baya ta duba, ranta ya yi fari. Lambar Hajiya kuwa ɗan kamasho ta sa ya rubuta da biro a can gefe, 'yar mitsitsiya, don a ganinta alama ita ce shaida, lamba ƙari ce kawai. Kifin da sauran ɗuminsa, mansa na tsatsowa ta jikin kwalin. Ta damƙa wa wani direba Hafizu, wanda iyakarsa Kwantagora, daga nan zai miƙa wa motar Kaduna.

Kaya suka yi ɓatan dabo. Ta tsare Hafizu a tasha.

"Yaya Kulu, wallahi na sauke su lahiya lau, na hannunta ma wani mai bas."

"Wane na?"

"Ni dai huskatai na sani."

Fuska kuwa ba a kiran ta a waya. Kulu ta hau mota har Kwantagora da kanta, tana tambayar mutane ko sun ga kwali mai ƙafar balbela. Suka dube ta kamar mai taɓin hankali. A can ba wanda ya san balbela sai wadda ke bin shanu.

Saƙonnin Hajiya suka fara da "baiwar Allah", suka ƙare da "'yar damfara". Kada a ga laifinta da yawa, biki ya zo ya wuce babu kifi, ta sha kunya a gaban surukai. Ta ce ko a mayar mata da kuɗinta, ko ta baza hoton Kulu duniya ta gani.

Matan da suke banda tare suka ba ta shawara. "Kashe wayag ga ki sake layi. Wa ya san ki Kaduna?"

Kulu ta yi tari mai tsawo kafin ta ce, "Matag ga ba ta ci kihina ba. In na riƙe kuɗɗinta, mi zan ce ranar da za a tambaye ni?"

Ta duba ɗakinta, babu abin sayarwa. Kwanoni sun tafi tun rashin lafiyar ƙaramin ɗanta, akuya ta tafi da azumi. Abu ɗaya ya rage, kuma ta san shi tun kafin ta fara dubawa. Ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye wa yaran ba, sannan ta yafa mayafi ta nufi bakin ruwa.

Tamada ya sunkuyar da kai. "Kulu, jirgin Jabiru na hwa."

"Na hi ka sani. Za ka saye ko in nemi wani?"

Ya saya. Ta je wurin mai tura kuɗi a bakin kasuwa, aka mayar wa Hajiya haƙƙinta ba tare da an rage ko sisi ba. Amsar da ta zo gajeriya ce: "Na gani." Daga nan Hajiya ta toshe lambarta.

Tun daga ranar Kulu ta koma yi wa wasu banda a biya ta lada. Hayaƙin bai canza ba, tarin ya ƙaru, kifin dai ba nata ba ne. Bakin ruwa ma ta daina zuwa, don ba ta da abin karɓa.

Damina ta yi nisa, sai ga wani tsohon direban Kudu ya yi sallama a ƙofar gidanta, yana washe baki, an biyo shi da kwalaye biyu a baro. Ya tsaya sallah ne a tashar Kwantagora, ya hango su jibge a lungun ɗakin ajiya. "Ina gani na ce wagga ƙahwar balbelar Kulu ta!" Inda aka rubuta lambar, man kifi ya jiƙa kwalin ya zama baƙin tabo, ko ɗigo ba a gani. Shi ya sa mai bas ya rasa wanda zai kira, ya dawo da su ya ajiye. Jan zanen kuwa yana nan raɗau kamar jiya aka yi shi.

Ta yanke igiyar. Ƙwari suka watse, babu komai a ciki sai gari da ƙaya. Ta yi wa tsohon godiya, har ta biya mai baro, don ba laifinsu ba ne. Da suka tafi ta ɗauki wuƙar gyaran kifi ta yanke wurin alamar, ta sa a ƙarƙashin tabarma.

Washegari da hantsi ƙafafunta suka kai ta bakin ruwa, tana so ta dafa goshin jirgin ko sau ɗaya. Ba wanda ya gaya mata Tamada ya yi sabon fenti ya sa alamar nasu gidan. Jirage suka yi ta shigowa, tana bin su da jajayen idanunta ɗaya bayan ɗaya, har aka gama sauke kifi. Ba ta gane wanne ne ba.