Shaidar da Na Bayar a Kan Uwar Mijina

Lokacin da wannan abu ya faru ba a daɗe da cire yankinmu daga jihar Sakkwato ba. Ina matar aure mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Wara. Mijina masunci ne, ni kuma bandar kifi nake yi, in cika kwanduna in kai kasuwar Yelwa. Ban iya karatu ba tukuna, sai daga baya na shiga yaƙi da jahilci. Amma a zumuntar mata ni ke ta da waƙa, kuma kowa ya shaide ni da haƙuri, ba a taɓa jin na ɗaga wa wani murya ba.

Gida ɗaya muke da uwar mijina, muna ce mata Inna. Ita ba ta bi mu coci ba, tana kan addinin kakanninta, da 'yan tukwanenta a bayan ɗaki waɗanda ba mai taɓawa. Takan yi mini tsiya, wai ko Allahnmu kurma ne da sai mun buga ganga yake ji, in yi dariya in wuce. Autata, ɗiya mai shekara huɗu, ita ce 'yar ɗakinta. Kullum da safe can take shan kunu, Inna na ce mata ƙawata mai wayon ci.

Wata rana, gobe kasuwa, yarinyar ta kama amai, yawu na zuba, jiki na rawa. Muka yi addu'a, washegari ta warware. Bayan mako biyu abin ya dawo. Nan zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Na tuna Inna ta taɓa son ɗaura mata wani zare a ƙugu na hana, ta ce to, ai ɗiyarki ce. Wannan 'yar magana na yi ta juya ta har ta zame mini barazana. Na koma shinshina ƙwaryar kunun a ɓoye. In Inna ta zagaya bayan ɗaki sai in bar aikina in leƙa ta jikin zana. In ta yi wa yarinyar murmushi gabana ya faɗi, in ba ta yi ba in ce ta tsargu. Na hana yarinyar shiga ɗakinta. Mijina ya ce in ji tsoron Allah, uwarsa ce fa.

Ranar Lahadi da aka ba da filin shaida sai na miƙe. Na ce ina yabon Ubangiji mai iko, wanda ya fizge ɗiyata sau biyu daga hannun maƙiyi, kuma maƙiyin ba daga nesa yake ba, randa ɗaya muke shan ruwa. Ban kama suna ba. Coci ya ɗauki Amin da Halleluya, ni ma na ji kamar na yi aikin Allah. Kafin mako ya zagayo, in Inna ta sauka bakin ruwa wanki mata na janye 'ya'yansu, ana raɗa kalmar mayya. Inna ta same ni wurin banda ta tambaye ni a hankali ko ni na faɗa. Na ce ni dai Allahna na yaba. Ta dube ni ta ce madalla, ta koma ɗaki.

Wata guda yarinyar ba ta taɓa ko ruwan Inna ba, sai ga ciwon ya dawo da hantsi, ya fi na da. Idonta ya juye, mijina yana kan ruwa. Na durƙusa ina kiran sunan Yesu, na rasa abin yi. Inna ta fito ta ture ni, ta goya yarinyar, ta shiga rumfata ta ɗauko wani gwangwani, ta ce in tashi, sauran addu'ar in ƙarasa ta cikin jirgin ruwa. Gwangwanin na maganin ƙwarin gona ne. Wani ɗan kasuwa ya sayar mini, ya ce in ina yayyafa wa busasshen kifi tsutsa ba za ta ci ba, kuma duk jajibirin kasuwa nake yi. Ashe yarinyar na bin bayana tana tsintar ɓarɓashin kifin tana ci. Inna ta gano ne don kajinta biyu sun mutu a gindin kwandunan da safen nan.

A asibitin Wara ma'aikacin ya nuna mini hoton ƙoƙon kan mutum a jikin gwangwanin, ya tambaye ni ko wannan ma sai an iya karatu. Ya ce da ba a zo da shi ba da bai san allurar da zai yi ba. Kwana huɗu muka yi, Allah ya ta da ɗiyata.

Na koma gaban jama'a na faɗi gaskiya da hawaye, amma shaida ta biyu ba ta kai inda ta farko ta kai ba. Inna ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Sai dai har ta bar duniya ba ta sake miƙa wa yarinyar ko loma ɗaya ba. In yarinyar ta je da 'yar ƙwaryarta sai Inna ta shafa kanta ta ce ta tafi wurin uwarta.

Har yau ina yabon Ubangiji, domin shi ke kiyaye nasa, har daga ɓarnar hannunsu. Ya tsare ɗiyata daga gubar da ni na zuba, ta hannun wadda na ɓata wa suna, kuma ina roƙonsa kullum saboda mutanen da suka ci kifina ban san su ba. 'Yan'uwana mata, ku raba maganin gona da abinci. Kuma in kin miƙe ba da shaida, ki faɗi abin da Allah ya yi miki ki zauna. Kada ki saka mutum a ciki. Ni ikilisiya ta ce Amin a kan zatona, kuma ban iya karɓo wannan Amin ɗin ba.